A Minti na Shida

Inna Mai Keke ba ta iya fara magana daga tsakiya ba. Shekara arba'in tana ɗinki a ɗakinta na bakin ƙofa, kuma duk wadda ta taɓa kawo mata yadi ta san ba a shigo mata da maganar riga a baki. Sai an zauna tukuna. Sai ta tambayi gida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafar nan da aka ce tana ciwo tun bara, sannan ta zaro tef daga wuyanta ta ce a miƙe. Masu gaggawa sun daɗe da komawa wajen samarin teloli na bakin titi masu keken lantarki, ita kuwa ko a jikinta. Cewa take yi su ne dai masu dawowa daga baya suna kukan hannun riga ya matse.

Haihuwarta huɗu, biyu suka tsaya. Babban yana ƙetare, shekara tara rabonsa da gida. Sai Auta, wadda ke aure a wani gari mai nisan awa biyar a mota, tana aiki a ofishin wani kamfanin kai kaya, ita ke rarraba wa direbobi hanya. Auta ce ta saya mata babbar waya irin wadda ake shafawa, ita ce kuma ta koya mata saƙon murya, don kiran Inna kullum yana faɗowa ne daidai lokacin da aiki ya sha mata kai. Ta ce ta danna nan ta riƙe, ta faɗi duk abin da ke ranta, in ta samu sarari za ta saurara. Inna ta ji daɗin abin nan ba kaɗan ba. Ga waya wadda ba ta katse mutum, ba ta cewa ana jira, sai ka gama don kanka. Takan jingina da teburin keke, ta gyara murya, ta yi gaisuwarta cikakkiya kamar Autar na zaune a kan kujerar masu kawo ɗinki.

Amsar ce dai ba ta cika zuwa da nauyin saƙon ba. Da fari rubutu ne, irin su “slm inna yk” da “lfy lau”, sai Inna ta tsallaka wajen maƙwabciyarta Matar Direba ta warware mata. Inna ta ce ita dai da aka koya mata karatu kalmomi da cikinsu suke, waɗannan kamar ɓera ya cinye tsakiyarsu. Daga baya rubutun ma ya ɗauke, sai hoton babban yatsa a tsaye. Matar Direba ta ce wannan yatsan shi ne “to”, shi ne “na ji”, shi ne “na gode”, wani lokacin ma shi ne “amin”. Inna ta ce lalle yatsan nan yana shan aiki.

Ranar wata Talata, tana jingine da teburin tana zura zare a allura, ta ji wani abu ya tokare ta a ƙirji ta hagu. Ta shafa, ta ji ƙulli mai tauri kamar maɓalli a ƙarƙashin yadi. Ta yi mako biyu tana cewa zai baje. Da bai baje ba ta je asibiti, aka ɗauki hoto, aka tsaga aka ɗebi kaɗan, aka ce ta dawo. Likitar yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar Auta ba, kuma ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce ciwon daji ne, amma an gan shi da wuri, in aka cire shi cikin makonnin nan akwai kyakkyawan zato. Ta rubuta mata ranar sha bakwai ga wata. Sharaɗi ɗaya ne, sai ta zo da wani nata da zai sa hannu a takarda, ya kuma zauna da ita kwanakin jinya.

Wannan ba maganar da za a yi da ɗa namiji ba ce, balle wanda ke bayan teku. Da yamma Inna ta rufe keke da mayafinsa, ta ɗauki waya, ta danna ta riƙe. Ta gai da Auta. Ta gai da maigidanta, ta tambayi aikinsa, ta tambayi surukar Auta da hawan jininta. Ta tambayi jikokin nan biyu, ko ƙaramar ta daina tsotsar yatsa. Ta ba da labarin famfon tsakar gida da ya ƙi rufuwa, da auren 'yar Matar Direba da aka ɗaga. Ai ba a jefa wa mutum mugun labari kamar dutse, sai an shimfiɗa masa wurin faɗuwa, haka aka yi mata ranar da mijinta ya rasu, kuma har yau tana gode wa wanda ya yi. Sai da agogon wayar ya nuna minti shida sannan ta sassauta murya.

“To, sai kuma wata 'yar magana. Na je asibiti, sun ga wani abu a ƙirji, sun ce sai an yi aiki, ranar sha bakwai. Suna son wani nawa ya sa hannu, ya ɗan zauna da ni. In da hali dai. Allah ya yi miki albarka.”

Bayan awa ɗaya alamar nan ta nuna an buɗe saƙon. Sai ga yatsa, har da ɗan hoton zuciya a gefensa.

Inna ta ɗauka “to” ne. Ta share ɗakin baya, ta wanke zannuwan gado, ta shanya katifa a rana. Ta gaya wa masu ɗinki su yi haƙuri sai bayan wata guda. Ranar sha shida ta wuni kunnenta na bakin ƙofa, duk motar da ta rage gudu a layin sai ta ɗaga labule. Washegari ta je asibiti ita kaɗai da 'yar jakarta, ta ce wa likita 'yarta ta samu uzuri a wurin aiki. Likita ta juya biro, ta sake rubuta wata rana, ta ce don Allah kada wannan ta wuce.

Matar Direba ta ce ita za ta je, a ce ƙanwarta ce, wa zai bincika. Inna ta ce ta gode, amma tana da 'ya. Ta sake aika saƙo, wannan karon minti takwas, don ta ga bai kamata ya yi kama da tuhuma ba, sai ta ƙara masa shimfiɗa. Yatsa ya zo. Ta aika na uku, yatsa ya zo. Ranar Lahadi Auta kan kira ta da hoto, yara na tsalle a gaban wayar kowa na son a gan shi, maigidan na wucewa ta baya da tawul a kafaɗa, ba wurin da mace za ta ambaci ƙirjinta ba ne. Inna takan zuba wa fuskar Auta ido tana jiran ta ce wani abu, ko da “ya jikin” ne. Auta sai dariya, sai labarin direban da ya kai firji gidan da ba shi ba. Nan ne abin ya fara cin Inna fiye da ƙullin. Ta yanke a ranta cewa yarinyar nan ta ji sarai, ba ta son ɗawainiya ne kawai, kuma ita ba za ta durƙusa ta roƙi 'yar da ta goya ba. Rana ta biyu ma ta wuce.

Amma uwa ba ta iya riƙe fushi da zargi a wuri ɗaya har abada. Ta ɗinka wa Auta riga mai ruwan toka daga wani yadi da ta daɗe tana ajiya, don a ce ita ta kawo ta, ta naɗe, ta kama hanya. A tasha, kafin mota ta cika, ta aika saƙo na huɗu tana sanar da zuwanta, ta kuma maimaita maganar a ƙarshe, yadda ta saba.

Auta ta yi murna da ganinta, murna ta gaske, har da rungumewa. Ta ce ba ta san da zuwan ba, yau ko duba saƙonnin gida ba ta yi ba. Ta zaunar da ita a falo, ta kawo ruwa, ta koma kicin da gudu don tukunya na kan wuta. Inna ta huta kaɗan, ta ga zaman bai yi mata ba, ta tashi ta bi ta.

A bakin ƙofar kicin ta tsaya. Auta ta ba ta baya tana yanka albasa, wayarta na jingine da gwangwanin gishiri, wasu muryoyi na fitowa daga ciki sirara, da sauri, kamar 'yan tsaki. Direbobi ne, wannan na cewa taya ta fashe, wancan na cewa ba kowa a gidan. Auta na ji, tana sa ɗan yatsanta mai tsabta tana dannawa, tana wucewa na gaba. Sai wata muryar ta shigo, ta mace, ita ma a tsuke, tana zuba kamar an biyo ta da sanda. Inna ba ta gane muryar ba, kalmomin ta gane. Auta ina kwana, ya maigidan, ya aiki, ya yaran, ya mai jiki. Ba a yi rabin minti ba Auta ta taɓa wayar, muryar ta ɗauke, ta sake taɓawa. A cikin jakar da ke rataye a kafaɗar Inna, wayarta ta yi ƙara. Yatsa ne ya iso.

“Wace ce wannan mai magana kamar an kore ta?”

Auta ta juyo ta fashe da dariya. “Ke ce mana, Inna. Kin ga sabo, kina tsaye a bayana ina aika miki amsa. Gudu nake ƙara wa saƙon. Saƙo ya fi ɗari biyu nake ji a rana, in na ce zan bi kowa a hankali ai kwana zan yi a ofis.”

“Har ƙarshe kike ji?”

“In dai na ji muryarki garau, kin ce kuna lafiya, ai hankalina ya kwanta. Sauran na san gaisuwa ce.”

Abu biyu suka zo wa Inna tare. Na farko sanyi ne, don ashe yarinyar ba ta ji ba, ba ƙin ta ta yi ba. Na biyu kuwa kunya ce mai zafi, irin ta wanda ya gano an daɗe ana yi masa dariya a bayan ido, ko da yake ba wanda ya yi. Duk zaman nan da take yi tana gyara murya, tana zaɓen kalma, tana ajiye numfashi inda ya dace, ashe haka yake fitowa a nan, tsakanin fashewar taya da gidan da ba kowa.

Da ta buɗe baki a lokacin, da an gama. Amma albasa na ƙonewa, ƙaramar ta shigo tana kuka, maigidan ya yi sallama a falo. Inna ta ce a ranta ba za ta faɗi wannan magana a tsaye ba, a kicin, ga bayan mutum. Bayan an ci abinci, da la'asar, ta samu Auta ita kaɗai a ɗaki ta ce ta zo ta zauna. Auta ta zauna a bakin gado. Inna ta fara da surukarta, ko ana samun sauƙi. Ba ta kai ga ta biyu ba wayar ofis ta yi ƙara, wata babbar mota ta mutu a hanya da kayan mutane. Auta ta maƙale wayar a kunne da kafaɗa, ta juyo da ɗaya kunnen.

“Faɗa min a gurguje, Inna, ina jin ki.”

Inna ta dube ta. “Ba komai. Rigar ce, ki gwada in gani.”

Rigar ta zauna daidai, ko kalmasa ba ta buƙata. Da safe Inna ta koma gida. A nan kam ta yi wauta, kuma ita ma ta sani tun tana cikin mota, amma wautar da aka yi don kare mutunci ita ce mafi wuyar warwarewa, sai mutum ya yi ta ƙara mata ɗinki.

Ta daina aika saƙo ɗungurungum, wai ta ga ko za a lura. An lura, bayan kwana goma sha ɗaya. Rubutu ya zo, “inna kwana 2 shiru lfy?” Ta kai wa Matar Direba, ba don a karanta mata ba, yanzu ta iya, sai don a nuna mata inda ake samo yatsan. Ta danna shi da kanta ta aika. Ta zauna tana jiran Auta ta ji abin da ita take ji in an aiko mata shi. Auta ta mayar da hoton fuska mai murmushi, magana ta ƙare. A wajenta an amsa, kuma lafiya lau.

Haka wata guda ya shuɗe, wani ya bi bayansa. Inna ba ta koma asibiti ba, don ta gaji da yi wa likita ƙarya. Hannun hagu ya fara kumbura daga hammata, tun tana iya danne yadi da shi har ya zama sai dai ta ɗora shi a cinya. Tari ya zo ya zauna. Ranar da ta kasa yanka wuyan riga, almakashi ya suɓuce ya faɗi ƙasa, Matar Direba na wurin. Ta tsince shi, ta ce wallahi ko Inna ta gaya wa Auta yau, ko ita ta kira ta, kuma ba ruwanta da wanda zai yi fushi. Inna ta ce ta bari, bakinta bai mutu ba.

Sai da ta ga fitarta sannan ta ɗauki wayar. Ta danna, bakinta ya ce “Auta, ina wuni”, ta saki ta goge. Ta sake, ya ce “ya yaran”, ta goge. Sau huɗu harshen na komawa hanyar da ya sani. A na biyar ta rufe ido, ta faɗa kamar mai haɗiye magani.

“Auta. Ciwon daji ne, a nono. Ki zo.”

Daƙiƙa biyar. Ta ji kamar ta fita titi ba mayafi. Ba ta kai ga ajiye wayar a kan tebur ba ta fara ƙara, kuma kafin rana ta faɗi Auta na tsaye a ɗakin ɗinki da kayan ofis a jikinta, ko jaka ba ta ɗauko ba. Abin ya yi aiki, nan take, kuma Inna ba ta san dalilin da ya sa hakan ya fi komai ɓata mata rai ba.

Aka sake ɗaukar hoto. Likita ta daɗe tana kallonsa a jikin allo, sannan ta zauna, ta jawo kujerarta kusa. Ta tambayi Inna hanya, ta tambaye ta barci da cin abinci, ta tambayi Auta ko ita ce 'yar da ake ta jira. Inna ta gane tun daga nan, ai ita ta san abin da ake yi wa shimfiɗa. Ciwon ya kai huhu. Aikin da zai yi amfani wata huɗu da suka wuce yanzu ba zai yi ba, sai dai magani na rage zafi da jan lokaci. Takardar sa hannun tana nan a cikin fayil, ba wanda ya zaro ta.

A barandar asibiti Auta ta tsaya, idonta ya yi ja.

“Wata huɗu, Inna? Me ya sa ba ki faɗa min ba?”

Inna ta so ta yi shiru. Ta so ta ce laifinta ne, don rabinsa nata ne. Amma ta gaji, kuma an koya mata gajeriyar magana.

“Na faɗa miki. Sau huɗu.”

Suka kama hanyar gida.

Da la'asar Inna na kwance a ɗakin baya, a kan zanen gadon da ta wanke wa Auta tun watannin baya. Labule ne kawai tsakaninta da ɗakin ɗinki. Ta ji an ja kujerar masu kawo ɗinki, an zauna. Can sai ta ji murya, tata, ba a tsuke ba, a yadda Allah ya yi ta, tana tafe a hankali. Auta, ina wuni. Ya maigidan, ya aikinsa.

Ta yunƙura za ta ce a kashe, tari ya hana ta. Ta koma ta kwanta tana ji. Ba ta taɓa sauraron kanta ba sai yau. Matar nan da ke cikin waya ta tambayi hawan jinin suruka, ta jira kamar za a amsa mata. Ta tambayi tsotsar yatsa. Ta shiga labarin famfo, ta bi shi tiryan-tiryan, har da sunan mai gyaran da bai zo ba, har da 'yar dariya. Inna ta damƙe bakin zanen da hannunta mai lafiya. Ba ta san lokacin da leɓenta ya motsa ba, ta ce wa matar, yi sauri mana, baiwar Allah, faɗa mata.

Matar ba ta yi sauri ba. Sai da ta gama da auren da aka ɗaga, ta ja numfashi, ta sassauta murya. To, sai kuma wata 'yar magana.

Saƙon ya kai ƙarshe, ya yi albarkarsa, ya tsaya. Daga bayan labule ba motsi, ba kuka, sai ƙarar famfon tsakar gida yana ɗiga a bokiti. Inna ta jira a shigo. Ba a shigo ba. Sai ta ji an taɓa wayar, muryar ta sake tasowa daga farko, a natse, tana tambayar Auta yadda ta kwana. Wannan na biyun ne, na minti takwas, kuma akwai sauran biyu a bayansa.